Haruffa da Ɗorewar Harshe: Nazarin Tarihin Adabin Armeniyawa da Jojiyawa da Darasinsa ga Harsunan Ƙasar Kontagora

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da suka sa harsunan Armeniyawa da Jojiyawa suka rayu tare da adabinsu sama da shekara 1,500 a tsakanin manyan dauloli, alhali harshen maƙwabtansu, Albaniyawan Kaukasus, wanda ya sami haruffa a zamani ɗaya da su, ya fita daga fagen rubutu har aka manta da kamannin baƙaƙensa. Ta hanyar kwatanta tarihin al'ummomin uku, maƙalar ta gano cewa ɗorewar rubutaccen harshe ta dogara ne a kan ginshiƙai uku: haruffan da suka dace da sautukan harshen, da cibiyar koyarwa da fassara mai cin gashin kanta, da littafin da ya fita daga hannun malamai ya shiga gidajen talakawa. Daga nan ta auna tarihin rubutun Hausa da halin da harshen Acipawan Kumbashi yake ciki da wannan ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Yankin Kaukasus jerin tsaunuka ne da ke tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiya, kuma a kudancinsa ne ƙasashen Armeniya da Jojiya suke, ta farko da mutane kimanin miliyan 3, ta biyu da kimanin miliyan 3.7. Duk da maƙwabtakarsu, harsunan biyu ba su haɗa dangi ba, domin Armeniyanci reshe ne mai zaman kansa a cikin dangin harsunan Indiya da Turai, kamar yadda Heinrich Hübschmann ya tabbatar a 1875, shi kuwa Jojiyanci yana cikin ƙaramin dangin Kartbel, tare da harsunan Mingrel da Laz da Svan. Abin da ya haɗa al'ummomin biyu shi ne zama a kan iyakar dauloli masu ƙarfi: Rumawa da Farisawa sun yi ta ja-in-ja a kansu, Larabawa sun mulke su, Saljuƙawa da Mongol sun bi ta kansu, Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Iran sun raba su, daga bisani Rasha da Tarayyar Sobiyet suka haɗiye su har zuwa 1991. Kowace daga cikin waɗannan dauloli ta zo da harshen mulki da na ilimi wanda ya fi nasu yawan jama'a da ƙarfin tattalin arziki, amma har gobe yaran Yerevan da na Tbilisi suna fara karatu ne da haruffan da suka samo asali daga waɗanda kakanninsu suka yi amfani da su tun ƙarni na 5.

Manufar maƙalar ita ce gano abin da ya haifar da wannan ɗorewa, sannan a yi amfani da sakamakon wajen duba wata matsala ta gida. Kumbashi, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Mariga a Masarautar Kontagora ta Jihar Neja, tana daga cikin matsugunan Acipawa, masu magana da harshen Cicipu, kuma ƙasar Kontagora baki ɗaya cike take da ƙananan harsuna waɗanda suke rayuwa a inuwar Hausa da Ingilishi.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayi mafi daɗewa shi ne na malaman majami'a, waɗanda suka jingina komai ga gwarzo guda. Koryun, almajirin Mesrop Mashtots, ya rubuta tarihin malaminsa a tsakiyar ƙarni na 5, inda ya nuna cewa Mashtots ne ya ƙirƙiro wa Armeniyawa haruffa, kuma shi ne ya samar da na Jojiyawa da na Albaniyawa. Kundin tarihin sarakunan Jojiya kuwa, a ɓangaren da ake dangantawa ga Leonti Mroveli na ƙarni na 11, ya mayar da asalin rubutunsu ga Sarki Parnavaz, wanda ya yi zamani a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan saɓani ya rikiɗe ya zama muhawarar kishin ƙasa a ƙarni na 20, lokacin da Ivane Javakhishvili ya yi suka ga bayanin Koryun, daga baya kuma Tamaz Gamkrelidze ya nuna cewa jerin haruffan Jojiya ya bi tsarin na Girkanci ne. Raunin wannan ra'ayi na farko shi ne ya tattara hankali a kan wanda ya ƙirƙiro haruffan, ya bar tambayar da ta fi nauyi, wato me ya raya su bayan mutuwar mai ƙirƙirar.

Ra'ayi na biyu ya fito ne daga masu nazarin rubutu a matsayin fasaha. Jack Goody ya ɗauki rubutu a matsayin abin da kan sauya tunanin al'umma da tsarin mulkinta, Brian Street kuwa (1984) ya mayar masa da martani cewa tasirin rubutu ya danganta ne ga masu riƙe da shi da abin da suke yi da shi. Joshua Fishman (1991) ya ƙara da cewa duk wani yunƙurin farfaɗo da harshe aikin banza ne matuƙar iyaye ba sa miƙa shi ga 'ya'yansu a cikin gida. A fagen Hausa, Mervyn Hiskett (1975) ya bi diddigin rubutattun waƙoƙin addini, Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya tsara tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa tun daga ajami har zuwa boko, Graham Furniss (1996) kuma ya duba alaƙar adabin da al'adun jama'a. Waɗannan ayyuka sun kalli Hausa a matsayin harshen da ya yi gwagwarmayar samun gurbi a gaban Larabci da Ingilishi. Wannan maƙala ta ƙara kallonta ta fuska ta biyu, wato a matsayin babban harshen da wasu harsuna suke neman numfashi a gefensa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatancen tarihi, wadda a cikinta ake zaɓar al'ummomin da suka yi tarayya a mafari amma suka sha bamban a sakamako, domin a gano abin da ya raba su. Armeniyawa da Jojiyawa da Albaniyawan Kaukasus sun dace da wannan sharaɗi, tunda dukkansu sun karɓi addinin Kirista a ƙarni na 4, sun sami haruffa a wajajen ƙarni na 5, kuma dauloli iri ɗaya ne suka mulke su. A nan, ɗorewar harshe tana nufin ci gaba da magana da shi da rubuta shi daga tsara zuwa tsara ba tare da yankewa ba. Cibiya kuma tana nufin duk wata kafa mai malamai da almajirai da abin hannu, wadda take koyarwa da fassara da kwafe littattafai ko da sarauta ta faɗi.

4.0 Nazari

4.1 Ginshiƙi na Farko: Haruffan da Suka Dace da Harshe

Armeniya ta karɓi addinin Kirista a zamanin Sarki Tiridates na III ta hannun Giragori Mai Haskakawa, a shekarar 301 bisa lissafin majami'arsu, amma an shafe kusan ƙarni guda ana gudanar da ibada da Girkanci da Suryaniyanci, waɗanda talakawa ba sa ji. A 387 Rumawa da Farisawa suka raba ƙasar biyu, lamarin da ya sa ɓangaren yamma ya karkata ga Girkanci, na gabas kuma ya shiga hannun Farisawa masu bin addinin Majusanci na Zartusht. A cikin wannan hali ne Mashtots, wanda tsohon magatakardan fada ne da ya koma wa'azi, ya sami goyon bayan shugaban majami'a Sahak Partev da Sarki Vramshapuh, ya tafi da almajiransa biranen Edessa da Samosata, ya fito da haruffa 36 a wajajen 405, wani gwanin rubutu mai suna Rufinus kuma ya daidaita masa siffofinsu. An riga an gwada wasu haruffa kafin nasa aka ajiye su, saboda ba su iya ɗaukar dukkan sautukan harshen ba. Nasa tsarin ya ba kowane sauti harafinsa, baƙi da wasali, kuma ingancinsa ya kai ga cewa haruffa biyu kacal aka ƙara masa a tsakiyar zamani.

Jojiyawa sun shiga addinin a zamanin Sarki Mirian ta hanyar wa'azin wata mata mai suna Nino. Mafi tsufan rubutunsu da aka gano shi ne na Bir el-Ƙutt kusa da Baitalami a Falasɗinu, wanda ake ƙiyasta shi a wajajen 430, sai na bangon majami'ar Bolnisi na ƙarshen ƙarni na 5. Rubutun ya bi matakai uku: asomtavruli mai manyan haruffa zagayayyu, da nuskhuri mai kusurwoyi wanda masu kwafe littattafan ibada suka fi amfani da shi daga ƙarni na 9, da mkhedruli wanda ya bayyana a ƙarni na 10 domin harkokin duniya, kuma shi ne mai haruffa 33 da ake amfani da shi a yau. Mafi daɗewar littafin adabin Jojiya da ya iso wannan zamani, wanda Iakob Tsurtaveli ya rubuta tsakanin 476 da 483, labarin Shushanik ne, 'yar Vardan Mamikonian, jarumin da ya jagoranci Armeniyawa a yaƙin Avarayr da Farisawa a 451, abin da ke nuna irin cuɗanyar da ke tsakanin al'ummomin biyu tun daga tushe.

4.2 Ginshiƙi na Biyu: Cibiya Mai Cin Gashin Kanta

Sarautar Armeniya ta faɗi a 428, shekara ashirin da 'yan kai bayan samuwar haruffan, don haka ba fada ce ta raya su ba. Mashtots da Sahak sun buɗe makarantu, sun tura almajirai Edessa da Kustantiniya domin su ƙware a Suryaniyanci da Girkanci, waɗannan kuma suka dawo suka fassara Littafi Mai Tsarki da littattafan falsafa da tarihi da nahawu. Aikin ya yi zurfin da a yau akwai littattafan da asalinsu na Girkanci ya ɓace, sai a fassarar Armeniyanci ake samun su, kamar sashen farko na kundin tarihin Eusebius da wasu rubuce-rubucen Philo na Iskandariya. Fassara ce ta horar da harshen ya iya ɗaukar ilimi mai nauyi, har Yeghishe da Movses Khorenatsi suka rubuta tarihin al'ummarsu da shi, Mkhitar Gosh ya tsara kundin shari'a, Mkhitar Heratsi ya rubuta littafin maganin zazzaɓi a 1184, makarantun Gladzor da Tatev kuma suka riƙe koyarwa a zamanin Mongol.

Wannan aiki ya gudana ne a zawiyoyin ruhubanawa, wato gidajen da masu ibadar Kirista suke keɓe kansu domin bauta da karatu. A ƙarshen kowane kundi mai kwafe yakan rubuta sunansa da garin da yake da shekarar da ya gama da sarkin da ke mulki, sau da yawa har da labarin yunwa ko annoba ko harin da ya tilasta masa gudu da aikin a hannu, sannan ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a shi da iyayensa. Duk wanda ya saba da bayanin da malaman ƙasar Hausa suke rubutawa bayan tammat zai gane wannan al'ada. Daga irin waɗannan bayanai ne masana suke haɗa tarihin ƙauyukan da babu wani marubucin fada da ya ambace su.

Majami'ar Jojiya ta rabu da ta Armeniya a farkon ƙarni na 7 a kan saɓanin aƙida, ta ci gaba da tafiyar da lamuranta da harshenta. A 951 Giorgi Merchule ya bayyana iyakar ƙasarsa da cewa ita ce duk inda ake gudanar da ibada da Jojiyanci, wato ya sa harshe a matsayin iyaka a lokacin da ƙasar take a rarrabe tsakanin sarakuna. Jojiyawa sun kafa zawiyoyi a waje, irin su Iviron da ke tsaunin Atos a Girka a wajajen 980, inda Ekvtime da Giorgi suka jagoranci fassara, da Petritsoni a Bulgeriya a 1083, sannan Sarki Dauda na IV ya gina makarantar Gelati a 1106, kafin ya karɓe Tbilisi a 1122 bayan ta yi kusan ƙarni huɗu a hannun sarakunan Musulmi.

4.3 Ginshiƙi na Uku: Littafin da Ya Shiga Gida

Harshen da ya tsaya a zawiya yakan zama na malamai kaɗai, kuma kowace daga cikin al'ummomin biyu ta tsira daga wannan ne ta hanyar wani littafi da jama'a suka mayar da shi nasu. A wurin Armeniyawa shi ne Littafin Makoki na Giragori na Narek, wanda ya rasu a wajajen 1003, tarin munajati ne mai babi 95 da bawa yake kai kukansa ga Ubangijinsa. Mutane sun riƙa ajiye shi a ɗaka, suna karanta wa marar lafiya wasu babobinsa, wasu ma suna sa shi a ƙarƙashin matashin kansa, ta yadda hatta gidan da ba a iya karatu ba ya san darajar haruffan. A wurin Jojiyawa kuwa shi ne Jarumi Mai Fatar Damisa na Shota Rustaveli, wanda aka tsara a zamanin Sarauniya Tamar (1184 zuwa 1213), waƙa ce mai baiti kimanin 1,600, kowane baiti da ɗango huɗu masu amsa-amo ɗaya, kowane ɗango da gaɓa 16. Labarin abota ne da soyayya wanda ya gudana a ƙasashen Larabawa da Indiya, inda Avtandil ya bar masoyiyarsa Tinatin domin ya taimaki amininsa Tariel ya nemo Nestan-Darejan. An daɗe ana sa kwafinsa a cikin kayan ɗakin amarya, jama'a kuma sun haddace baitocinsa har wasu suka zama karin magana.

Wannan adabi bai ginu a kan ƙyamar baƙon harshe ba. Jojiyawa sun fassara labarin Wis da Ramin daga Farisanci, Sarki Vakhtang na VI da Sulkhan-Saba Orbeliani sun yi aiki a kan fassarar Kalila da Dimna, mawaƙi Sayat-Nova kuwa, Ba'armeniye da ya zauna a fadar Sarki Erekle na II kuma ya rasu a 1795, ya yi waƙa da Armeniyanci da Jojiyanci da Turkancin Azarbaijan.

4.4 Sake Gina Ginshiƙan a Zamanin Ɗab'i

Lokacin da masarautar Armeniyawa ta Kilikiya ta faɗi a 1375, fatake ne suka ɗauki nauyin cibiya. Hakob Meghapart ya buga littafin Armeniyanci na farko a Banis a 1512, an buga Littafi Mai Tsarki a Amsterdam a 1666, ruhubanawan Mkhitar sun zauna a tsibirin San Lazzaro daga 1717 suna wallafa ƙamus da nahawu, jaridar Armeniyawa ta farko, Azdarar, kuma ta fito a Madras ta Indiya a 1794. Da tsohon harshen rubutu ya yi nisa da bakin jama'a, Khachatur Abovian ya rubuta ƙagaggen labarinsa, Raunukan Armeniya, da harshen yau da kullum, aka buga shi a 1858. Kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya daga 1915, wanda mafi yawan masana tarihi suke kira kisan ƙare dangi, Turkiyya kuma ba ta amince da wannan suna ba, ya nuna yadda littafi ya shiga jinin talaka: wasu mata biyu 'yan gudun hijira sun raba kundin wa'azin Mush, mai nauyin kimanin kilo 28, gida biyu suka ɗauka, rabi ɗaya ya isa Echmiadzin, ɗayan aka binne shi a harabar wata majami'a a Erzurum, daga baya aka tono shi. Yau kundin yana Matenadaran, ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu ta Yerevan.

A Jojiya, Rasha ta haɗe ƙasar a 1801, ta soke 'yancin majami'arta a 1811, don haka sai 'yan boko suka gaji aikin zawiya. Iakob Gogebashvili ya wallafa littafin koyon karatu mai suna Deda Ena a 1876, wanda ya fara da wasula biyu kacal da yaro zai haɗa ya karanta cikakkiyar jimla tun ranar farko, a 1879 kuma shi da Ilia Chavchavadze da abokansu suka kafa Ƙungiyar Yaɗa Karatu a Tsakanin Jojiyawa, wadda ta buɗe makarantu da kuɗin jama'a, ta kuma zubar da haruffa biyar da ba su da sauti a harshen zamani. Ranar 14 ga Afrilu, 1978, dubban mutane, akasarinsu ɗalibai, suka fito titunan Tbilisi domin ƙin amincewa da cire Jojiyanci daga matsayin harshen hukuma a kundin tsarin mulki, gwamnatin Sobiyet kuma ta janye.

4.5 Harshen da Ya Rasa Ginshiƙai Biyu

Albaniyar Kaukasus, wadda ba ta da alaƙa da ƙasar Albaniya ta Turai, ta kasance a inda Azarbaijan take a yau. Ta sami haruffa 52, an kuma fassara mata sassan Littafi Mai Tsarki, amma a farkon ƙarni na 8 majami'arta ta koma ƙarƙashin ta Armeniya, Armeniyanci ya zama harshen ibada da karatu, babu kuma wata alama da ke nuna cewa wani littafi nata ya shiga gidajen jama'a. Rubutun ya ɓace har sai 1937, lokacin da Ilia Abuladze ya ci karo da jerin haruffansa a wani kundin Armeniyanci na ƙarni na 15. A 1975 aka gano wasu kundaye a wani ɗaki da ya daɗe a rufe a zawiyar Katarina da ke Dutsen Sina'i, a cikin shekarun 1990 kuma Zaza Aleksidze ya lura cewa biyu daga cikinsu fatu ne da aka kankare tsohon rubutunsu aka ɗora Jojiyanci a kai, kuma abin da ke ƙasa Albaniyanci ne. Mai kwafen da ya kankare su bai ga amfanin rubutun da babu mai karanta shi ba, ya ga amfanin fatar. Jikan wannan harshe shi ne Udi, wanda 'yan dubban mutane suke magana da shi, musamman a ƙauyen Nij. Wannan ya tabbatar da cewa ginshiƙan uku kamar duwatsun murhu suke, ɗaya ba ya riƙe tukunya.

5.0 Hausa da Harsunan Ƙasar Kontagora

Idan aka auna Hausa da wannan ma'auni, za a ga ta sami ginshiƙan uku. Ajami ya sami cibiya a makarantun allo da na zaure, masu jihadi kuma sun yi amfani da shi wajen isar da saƙo, inda Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajoji suna kai waƙoƙi har cikin gidajen mata a ƙauyuka. Boko ya sami ƙa'idojin Hanns Vischer a 1912, da Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta shirya gasar 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Biyu daga cikin waɗanda suka yi nasara a gasar, Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da yayansa Bello mai Ganɗoki, 'yan Kagara ne da ke Jihar Neja ta yau. Magana Jari Ce da Imfiraji na Aliyu Namangi da littattafan adabin kasuwar Kano sun shiga gida, suka cika ginshiƙi na uku.

A ƙasar Kontagora kuwa matsayin Hausa daban ne. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864 a tsakiyar Kambari da Dukawa da Dakarkari da Kamuku da Acipawa, Turawa kuma da suka ci garin a 1901 suka ci gaba da mulki ta hanyar masarauta da harshen Hausa. Harsunan waɗannan al'ummomi suna cikin dangin Kainji, wanda Roger Blench ya yi aiki mai yawa a kansa. Cicipu, wanda Stuart McGill ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Landan a 2009, yana da masu magana kimanin 20,000 a yankin Sakaba na Jihar Kebbi da yankin Mariga, yana da kare-kare bakwai, ɗaya daga cikinsu shi ne Tikumbasi na Kumbashi. Kusan dukkan masu magana da shi suna jin Hausa, ita ce harshen kasuwa da wa'azi da rediyo, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuma, da ta ba da zaɓi tsakanin harshen uwa da harshen da ya fi rinjaye a yanki, ta buɗe wa Hausa ƙofar aji. A maƙwabtaka, harshen Damakawa ya riga ya kai gargara, masu shi sun koma Dakarci.

Jojiya da kanta tana da irin wannan fuska ta biyu, domin Svan da Mingrel sun rayu ƙarnoni ba tare da ginannen adabin rubutu ba, masu su suna karatu da ibada da Jojiyanci, kuma UNESCO ta sa su cikin harsunan da ke fuskantar barazana. Ke nan harshen da ya tsira daga inuwar wani yana iya yi wa na ƙasa da shi inuwa ba tare da nufi ba, kuma wannan ne matsayin Hausa a Kumbashi.

Nazarin ya nuna abubuwa uku da suka wajaba. Na farko, rubutun Cicipu ya ɗauki sautukan da babu su a Hausa, irin su wasulan hanci da wasali na shida da ke tsakanin a da o, domin aron ƙa'idar Hausa kai tsaye zai maimaita kuskuren haruffan da aka gwada kafin Mashtots. Na biyu, ƙamus da nahawun da masana suka rubuta domin 'yan'uwansu masana ba su isa cibiya ba, sai an sami malamai 'yan gida da ake horarwa a wuri irin babbar makarantar horon malamai ta tarayya da ke Kontagora, da kwamitocin al'umma masu ɗaukar nauyin aikin da kuɗinsu. Na uku, abin da za a fara bugawa ya zama wanda jama'a suke so: waƙoƙin noma da na biki, da tatsuniyoyi, da tarihin zuriya da na tsauninsu na Karishen, a takarda da kuma a murya ta wayar hannu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Armeniyawa da Jojiyawa sun riƙe harsunansu ne saboda sun haɗa haruffa masu dacewa da cibiya mai zaman kanta da littafin da talaka ya ɗauka nasa, kuma duk lokacin da ginshiƙi ɗaya ya rushe, wani rukuni na al'umma, fatake ko malaman makaranta, yakan sake gina shi. Albaniyawa kuwa sun tsaya a kan haruffa kaɗai, sai rubutunsu ya ɓace. Misalin Sayat-Nova da na Nana Asma'u ya tabbatar da cewa raya ƙaramin harshe ba ya buƙatar juya wa babba baya, don haka rubuta Cicipu ba ragi ba ne ga Hausa. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya sun gaji ƙwarewar fiye da ƙarni guda a kan ƙa'idojin rubutu da ƙamus da wallafa, kuma ya kamata su ware wani kaso na binciken ɗalibansu ga harsunan Kainji, su fara da naɗar karin Tikumbasi daga bakin dattawan Kumbashi tun suna raye, tare da sa 'ya'yan Acipawa a gaban aikin.